Wa ya fara haɗa lissafin harajinsa tun yanzu?

Abbakar Mai Zane: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu aikin kansu ce irina, da masu shago, da masu saida kaya ta waya. Abin da muka samu a 2026 shi za a bayyana wa hukumar haraji ta jiha kafin 31 ga Maris 2027, kuma da sabon lissafin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 za a yi. Na duba kalanda, azumi zai kama a Fabrairu, ƙaramar sallah kuma wajen 10 ga Maris. Wa zai zauna neman rasit da bakin azumi, ga teloli da 'yan kasuwa a lokacin ko barci ba sa samu? Shi ya sa nake so in fara tun yanzu. Waɗanda suka saba, ta ina ake kamawa?

Nura POS: Wa'alaikumus salam. Abbakar kai dai kana son tsokano tsuliyar dodo. Wa ya aiko maka takarda? Wa ya san da zamanka? Ka ɗauki ƙafa ka kai kanka, daga nan kowace shekara sai sun neme ka.

Maman Hanan: Wallahi ni ma abin da nake tsoro ke nan. An ce yanzu duk kuɗin da ya shigo asusunka sai an cire haraji. Ni kuwa asusuna guda ne, nan kuɗin atamfa da leshi ke shigowa, nan kuɗin adashinmu, nan Baban Hanan ke turo na cefane da na makarantar yara.

Malam Sani Akanta: Maman Hanan, kwantar da hankalinki. Babu dokar da ta ce a cire haraji daga duk alat ɗin da ya shigo miki. Riba ake wa haraji, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin sarin kaya da ɗawainiyar sana'a. Kuɗin adashi ba naki ba ne, amana ce ke ratsawa ta hannunki. Kuɗin cefane ba ciniki ba ne. Rance ma haka, kyauta ma haka. Inda gizo ke saƙar shi ne, ke kin san wannan, amma wanda zai duba takardar bankinki bai sani ba. Shi lambobi kawai yake gani suna shigowa. Idan ba ki da abin nunawa, bakinki ne kawai hujjarki.

Bari in yi miki misali da lambobin da na ƙaga. A ce naira miliyan 9 suka shigo asusunki a shekara. Miliyan 1.8 na adashi ne, miliyan 1.2 daga maigida, saura miliyan 6 shi ne ciniki. Kayan da kika sayar kin saro su a kan miliyan 4.6, kuɗin mota da ɗan sahu mai kai saƙo da data da leda sun ci 400,000. Ribarki miliyan 1 ke nan. A sabuwar doka naira 800,000 na farko babu haraji a kai. Ragowar 200,000 ake cire wa kashi 15 cikin ɗari. Harajinki na shekara gaba ɗaya 30,000. To ki kwatanta da a ce wani ya zauna yana miki ƙiyasi yana kallon miliyan 9.

Maman Hanan: Ikon Allah. Dubu talatin a shekara? Ni da nake zaton za a ce in kawo rabin miliyan.

Malam Sani Akanta: A misalin da na bayar fa, ba naki na gaskiya ba. Naki sai kin zauna kin fitar.

Nura POS: Malam duk na ji. Amma ko dubu uku ce, a kan me zan bayar? Wutar da nake aiki da ita sola ce da na saya da kuɗina. Ruwa 'yan garuwa ke kawo mana. Kwatar layinmu mu muka yi karo-karo muka yashe. Kullum ga masu rasit na ƙaramar hukuma, wannan ya zo na shara, wancan ya zo na allon talla. Sannan a ce in zauna in yi wa kaina lissafi in kai musu ƙari?

Hajiya Bilki Turare: Gaskiyar Nura ce a nan, kar a ce ba a faɗa ba.

Injiniya Musa: Babu wanda ya ƙaryata shi, Hajiya. Amma maganar ko an yi mana aiki da kuɗin daban, maganar abin da zai same ka in ba ka miƙa bayananka ba daban. Nura, kai da aka tilasta wa masu POS rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, sunanka da lambar NIN ɗinka ai suna can tuni. Yanzu kuma da NIN ɗin mutum ake fitar masa da lambar harajinsa, kamfani kuma da lambar rajistarsa. Ɓuyan da kake tunani ya zama tarihi. Kuma tarar rashin miƙa bayanai a sabuwar dokar naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo baya. Mutumin da harajinsa bai wuce 30,000 ba, ka ga tarar ta fi uwar kuɗin.

Nura POS: A takarda ke nan. Mu ga ranar da za su bi mutum miliyan nawa gida-gida.

Injiniya Musa: Ba sai sun bi ka ba, kai za ka bi su. Ranar da ka nemi kwangilar gwamnati ko takardar mallakar fili aka ce kawo takardar shaidar biyan haraji, ta shekara uku baya ake nema. A lokacin kai ke gaggawa, su ba sa gaggawa, kuma abin da suka yanka maka shi za ka biya tunda ba ka da rubutun da za ka yi musu da shi. Na ga wanda aka yi wa haka a ofishin harajin jiharmu, yana tsaye wa'adin miƙa takardun kwangila na ƙurewa, aka yanka masa adadin da ya fi ƙarfin sana'arsa, ya biya yana gumi.

Malam Sani Akanta: Kuma Nura, a duk zauren nan babu wanda ya kai ka buƙatar rubutu. Miliyoyi ke ratsa na'urarka a wata, alhali naka a ciki cajin nan ne kawai na ɗari biyu, ɗari uku. Daga cajin ma sai an cire abin da kamfanin na'urar ya yanka, da takardar rasit, da data, da kuɗin yaron da ke zaune a rumfa, da abin da kake biyan masu gidan mai ko 'yan kasuwa kafin su ba ka tsabar kuɗi in kana yi. Rasit ɗin ƙaramar hukuma da kake kuka da su ma kar ka yar, ɗawainiyar sana'a ce. Mai yiwuwa in ka gama cirewa ka tarar ko 800,000 ɗin ba ka haura da yawa ba.

Nura POS: To in ban kai ba fa, shi ke nan babu ruwana da su?

Malam Sani Akanta: Biya ne babu. Miƙa bayanai yana nan, ka rubuta abin da ka samu, lissafi ya nuna babu haraji a kanka. Wannan takardar ita ce kariyarka.

Abbakar Mai Zane: Malam, ni kuma nawa ya ɗan bambanta. Ba na sarin kaya. Zanen tambari da fastoci nake yi, wasu a nan gida, wasu 'yan waje ne ta Upwork, dandalin samun aiki ta intanet, dala ke shigowa. Wani ya ce min kuɗin waje ba a masa haraji.

Malam Sani Akanta: Wanda ya faɗa maka ya haɗa abu biyu. Idan yayanka da ke Saudiyya ko Ingila ya turo maka kyauta ko na hidimar gida, wannan ba kuɗin shiga ba ne. Amma aikin da ka zauna a ɗakinka a Kano ka yi, aka biya ka, kuɗin sana'a ne ko daga ina ya fito, tunda mazaunin Najeriya ne kai. Abin da zan ba ka shawara: duk ranar da dala ta shigo, rubuta kwanan wata, nawa ce, da farashin Babban Banki na wannan ranar. Kar ka bari sai Maris ka zo kana lalube, farashin Fabrairu ba shi ne na Oktoba ba. Kason da dandalin ke yanka kafin ya sakar maka kuɗi shi ma ɗawainiya ce, ka sauke bayanansa ka adana.

Ga naka misalin. A ce duka aikinka ya kawo miliyan 6. Data, man janareta, kuɗin manhajojin zane, gyaran kwamfuta, abin da ka biya wanda ya taya ka aiki, duka sun kama miliyan 1.5. Riba miliyan 4.5. Kana biyan hayar gida 900,000, doka ta yarda ka cire kashi 20 cikin ɗari na haya, muddin bai wuce 500,000 ba, naka 180,000 ke nan. Saura 4,320,000. Na farko 800,000 babu komai. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, ya ba da 330,000. Ragowar 1,320,000 kashi 18, ya ba da 237,600. Jimla 567,600. Da a ce ba ka da rasit ko ɗaya aka lissafa a kan miliyan 6 ɗin cur, 870,000 za ka biya. Sama da 300,000 ke nan a tsakani, kuma ba wata dabara ba ce, ajiye takarda ne kawai.

Abbakar Mai Zane: Kai! 567,600 a dunƙule a watan sallah? A ina zan samo?

Malam Sani Akanta: Shi ne amfanin tambayar da ka yi da wuri. Ka buɗe wani asusu wanda ba ka da katinsa a aljihu, duk kuɗin aikin da ya shigo ka tura kashi goma can a ranar. Tunda shekara ta riga ta yi nisa, daga yanzu zuwa Disamba sai ka ɗan ƙara a kan goman don ka cike giɓin baya.

Zainab Mai Fassara: Yaya Abbakar akwai abin da Malam bai taɓo ba, kuma mu masu yi wa ƙungiyoyi da kamfanoni aiki shi ya fi cin mu. Ka yi aikin 400,000, alat ya shigo 380,000, a ce maka an cire kashi biyar na haraji. Yawancinmu sai mu yi tsaki mu manta. Alhali wannan 20,000 ɗin harajinka ne da aka biya tun kafin lokaci, in ka zo lissafin ƙarshen shekara cirewa za ka yi daga abin da ake bin ka. Sai dai fa sai da shaida. Ni yanzu ranar da aka biya ni nake tura saƙo ga mai kula da kuɗinsu in ce a ba ni rasit ɗin abin da aka cire, da sunana da lambar harajina a jiki. In ka bari sai Maris, ka tarar aikin ya ƙare, ma'aikacin ya bar wurin, imel ɗinka ba mai amsawa.

Malam Sani Akanta: Madalla Zainab, kin cike min. A ƙara da wannan: wanda bai ba da lambar harajinsa ba, ninki biyu ake cire masa. Kuma ka tabbata sun san jihar da kake zaune, don kuɗin ya tafi inda za ka miƙa bayananka. A misalin Abbakar, in miliyan 2 daga cikin kuɗin irin waɗannan ne, an riga an cire masa 100,000, saura 467,600.

Sadiq Mararaba: Wannan maganar jiha ta taɓa ni. Duk kwastomomina a Abuja suke, Wuse da Garki nake yini ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, amma a Mararaba nake kwana.

Malam Sani Akanta: Inda kake kwana ake bi, ba inda kake yini ba. Mararaba jihar Nasarawa ce, can za ka miƙa. Na Suleja da Madalla na jihar Neja ne. Wanda gidansa ke cikin Abuja shi ne na hukumar harajin Abuja, wato FCT-IRS, na Kano tasu KIRS, na Kaduna KADIRS.

Hajiya Bilki Turare: Malam ni na yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, har da satifiket a bango. Na ji ana cewa ƙananan kamfanoni an yafe musu haraji. Ina ciki?

Malam Sani Akanta: Hajiya, a duba satifiket ɗin. Idan sunan kasuwanci ne kawai, a idon doka ke da shagon abu ɗaya ne, ribarsa kuɗin shigarki ce, kuma jiha za ki biya da lissafin nan da na yi wa su Abbakar. Yafiyar da kika ji ta kamfani ce mai Limited a ƙarshen sunansa, shi ne ke hulɗa da hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS. Shi ma ɗin biya aka ɗauke masa in yana cikin ƙanana, amma dole ya miƙa bayanansa cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Harajin albashin da mai kamfanin ke biyan kansa kuma yana nan a hannun jiha.

Hajiya Bilki Turare: Ashe murnar banza na yi.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu. Ku yaran zamani kun ɗauka rubuta ciniki sabon abu ne da gwamnati ta kawo. Mu a Kantin Kwari tun muna yaran shago akwai babban littafi mai baƙin bango a ƙarƙashin kanta. Shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, can baya kuma sunayen masu bashi, na Maraɗi daban, na Maiduguri daban. Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, ba ya rufe shago sai an karanta masa na ranar. Kuma duk Sha'aban sai an sauke kaya daga kan kanta an ƙirga dila-dila, turmi-turmi, saboda zakka. Wanda bai san abin da ya mallaka ba ta yaya zai fitar da haƙƙin Allah? To littafin nan guda ya ishe ka duka biyun.

Malam Sani Akanta: Allah ya ƙara girma Alhaji. Ƙirgar nan da kuka ambata ita ce abin da masu saida kaya suka fi mantawa. Sai dai shekarar haraji daga Janairu ce zuwa Disamba, don haka bayan ƙirgar Sha'aban sai an sake wata ƙirgar a ƙarshen Disamba. Dalili kuwa, kayan da ka saro ba ka sayar ba, ba a cire kuɗinsu a matsayin ɗawainiyar bana. Kayan da ka shiga shekara da su, a haɗa da waɗanda ka saro, a cire waɗanda suka rage a kanta ranar 31 ga Disamba, abin da ya fita shi ne kuɗin kayan da aka sayar. Maman Hanan, ke ma ranar ki buɗe akwatin ki ƙirga, ki ɗauki hoto.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Haka ne. Sai dai Malam Sani ina da ja a wuri guda. Ka ce a ajiye rasit. Wa ke ba da rasit a kasuwa? Ɗan dako zai rubuta maka? Direban da ya ɗauko kaya daga Legas? Rabin cinikinmu a baki ne da amana.

Malam Sani Akanta: Gaskiya ne ranka ya daɗe, ba ko'ina ake samu ba. Inda babu rasit, rubutun ranar shi ke tsayawa a madadinsa: kwanan wata, sunan wanda aka biya, dalili, adadi. Littafin da aka cika kullum da biro kala-kala, har da datti a gefen shafi, ya fi wanda aka zauna aka rubuta dare ɗaya ƙarfi a gaban mai bincike. Inda za a iya biya ta banki a yi hakan, a rubuta dalili a wurin bayani, ko da kalma biyu ce, kamar kuɗin dako. Rasit ɗin POS da na gidan mai kuma a ɗauki hotonsu nan take, tawadarsu gogewa take yi, bayan 'yan watanni farar takarda za ka tarar. Shekara shida doka ta ce a adana bayanan.

Zainab Mai Fassara: Ni matsalata mai gidan haya. Na ce ya ba ni rasit da cikakken adadi saboda rangwamen nan, ya ce shi ba ya son sunansa ya shiga takardar gwamnati, in na matsa in nemi wani gida.

Injiniya Musa: Da yawa haka suke yi yanzu. Ta banki kike biya?

Zainab Mai Fassara: Eh, ta asusun dillalinsa.

Injiniya Musa: To kina da shaidar tura kuɗin, ga kuma yarjejeniyar haya in kun rubuta. Amma ki yi lissafi kafin ki yi faɗa da shi. In hayarki 600,000 ce, abin da za a cire 120,000 ne, sauƙin da zai zo aljihunki bai wuce 18,000 zuwa 21,600 ba. Kuɗin dillalin sabon gida kaɗai ya fi haka.

Sadiq Mararaba: Babur ɗin da na saya bana saboda zuwa aiki fa, in cire kuɗinsa duka?

Malam Sani Akanta: A'a. Babur, kwamfuta, keken ɗinki, janareta, duk abin da zai yi maka aiki shekaru, rarraba kuɗinsa ake yi a kan shekarun, kowace shekara a cire wani kaso. Ka adana rasit ɗin sayen. Mai da gyara su ne na bana. In kuma da shi kake kai yara makaranta da zuwa ɗaurin aure, ka raba tsakani da Allah, ka cire na sana'a kawai. Wanda ya cusa buhun shinkafar gida da ankon biki cikin ɗawainiyar shago, in aka kama guda ɗaya, sauran na gaskiyar ma sai an yi shakkarsu.

Nura POS: To a ce na yi duk wannan, na kai, su kuma suka ce ba su yarda ba suka yanko nasu?

Malam Sani Akanta: Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi dalili, ka haɗa da hujjojinka. In ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabuwar dokar kuma ta kafa ofishin karɓar koke-koken masu biyan haraji. Abin da kawai ba a yi shi ne jefa takardar a durowa, in kwanakin suka wuce adadin ya zauna. Kuma kowane biya ta banki ko shafin hukumar, a ba ka rasit da sunanka. Kar ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu don ya ce zai sassauta maka.

Nura POS: Har yanzu dai ban gamsu da inda kuɗin ke tafiya ba. Amma littafi zan saya, ko don in san abin da yaron rumfata ke yi.

Maman Hanan: Malam, ni yanzu wata goma sun riga sun cakuɗe a asusu ɗaya. Ta ina zan fara warwarewa?

Malam Sani Akanta: Ki nemi takardar bayanan asusunki daga Janairu zuwa yau, manhajar banki na bayarwa. Ki buga ta a takarda, ki samu biro kala uku: ciniki, adashi, na gida. Wata ɗaya a kowane zama, kar ki ce za ki gama rana guda. Inda kika manta ko na wane ne, ki koma hirarku ta WhatsApp ta wannan ranar, yawanci hoton alat ɗin yana nan. Jerin sunayen 'yan adashi da ranar kwasar kowa ki ajiye shi tare da takardar. Sannan gobe, ba sai Janairu ba, ki buɗe asusu na biyu ki ba kwastomomi sabuwar lambar.

Maman Hanan: Adashin fa, ya koma sabon ko ya zauna a tsohon?

Malam Sani Akanta: Ya zauna a tsohon tare da na cefane. Sabon na atamfa ne kaɗai, ko kuɗin liƙi kar ya shiga.